Hajiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki: a gida za a yi mata gashi ko a asibiti?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. An sallamo mahaifiyarmu mai shekara 74 bayan shanyewar ɓarin jiki, kuma tana da hawan jini da ciwon sukari. Likita ya ce a riƙa kai ta gashi sau biyu a mako, amma ba ta iya zama a adaidaita sahu. Ma'aikaciyar lafiya ta unguwarmu ta yarda ta riƙa zuwa gida tana auna ta, idan mun samo mai gashi. Wanda ya taɓa haɗa su biyun a gida, yaya ta kaya?

Daga Zariya: Allah ya ba ta lafiya. Ku riƙa kai ta asibiti, kayan aiki suna can.

'Yar Hotoro: Yaya, ni ciwo bai ba ni tsoro kamar rashin magana tsakanin ma'aikata. Baban mu yana da kati uku a wurare uku, likitan zuciya ya rubuta nasa, na ƙashi ya ƙara maganin rage ciwo diclofenac, mai kemis kuma ya ba da wani, babu wanda ya duba takardar wani. Sai da ƙafafunsa suka kumbura har silifas ya daina shiga aka gano ƙoda ta taɓu. Wata mai harhaɗa magunguna ce ta zazzage ledar a kan tebur ta ware su ɗaya bayan ɗaya, amma lokaci ya riga ya ƙure.

Ma'aikaciyar jinya: Allah ya jiƙan Baba. Ku ajiye littafi ɗaya a gefen gadonta, kowane ma'aikaci ya rubuta awon jini da na sukari da abin da ya canza. Ku riƙa juya ta duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya. Mai gashi a gida yana karɓar kusan naira 5,000 kowane zuwa.

Daga Zariya: Naira 5,000 a wane zamani, Malama? Mu 12,000 muka biya, ban da kuɗin mota.

Wani dattijo: Duk ku bari, wanzamin garinmu ya tayar da mutane da yawa.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, da girmamawa, tsaga a jikin mai ciwon sukari rauni ne da ke wuyar warkewa.

Ɗan Fagge: Idan Hajiya irin tamu ce, a fara neman wanda zai raba ta da ɗanɗana gishirin miya, wannan ya fi ƙarfin likitoci.

'Yar Hotoro: Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da za a tallafa wa, amma kafin a kai ga haka, ina 'yan'uwa maza? Su turo kuɗi sau ɗaya su kashe waya, wanki da juyi da kwanan zaune duk a kan mace ɗaya.

Mai tambaya: Mu bakwai ne, 'yar'uwa, kuma har yanzu ba a zauna an raba kwanakin jinya ba.