Madauki ɗaya ya isa

Daren Asabar, a teburin mai shayi a Ƙofar Ƙaura, muka tattauna madaukin da ke jujjuya ayyuka a asyncio, sashen harshen shirye-shirye na Python da ke ba manhaja damar ci gaba da wasu ayyuka yayin da wani ke jira. Baki ya zo ɗaya: a kira asyncio.run sau ɗaya a farkon manhaja, shi zai buɗe madaukin ya rufe. Tun Python 3.7 yake nan.

Inda aka daɗe shi ne time.sleep, umarnin da ke dakatar da manhaja na ɗan lokaci. Wani ƙanenmu ya nuna mana a kwamfutarsa, layi ɗaya tak, duk ayyukan suka tsaya cak. Maganinsa asyncio.sleep, mai jira ba tare da tsayar da sauran ayyuka ba, karatun fayil kuma, da shi ma ke tsayar da madaukin, a miƙa wa asyncio.to_thread ya yi shi a gefe. Wannan tsayawar ta fi damuna, don ta taɓa cinye min kwana biyu.

Mai son sauri ya gwada uvloop, wani madauki da ake sawa a madadin na asyncio, amma ba ya aiki a Windows.