Waɗanda suka taɓa barin gudron suka shiga duwatsu da keke, ku ba mu labari

Ɗan Birni: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Watan jiya na sayi keken hawan dutse na hannu, irin wanda muke ce wa VTT, mai giya da faffaɗar taya. Tun ina yaro nake kallon duwatsun nan na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, wani kan wani kamar da hannu aka ɗora su, yanzu kuma raina ya biya in bi turbobin da ke ratsa su in fita bayan gari. Ban taɓa sauka daga gudron, wato titin kwalta, ba. Wanda ya taɓa yi ya faɗa mini abin da ya same shi, mai daɗi da marar daɗi.

Ɗan Miriya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, dutse kake tunani, ni kuwa ƙaya ce ta tsayar da ni. Daga Damagaram zuwa Miriya kilomita 18 ne ta gudron, na saba yin su. Wata Lahadi, ranar kasuwar Miriya, na ce bari in bi ta gonaki. Lokacin kaka ne, an yanke gero, tsidau ya bushe ya zube ko'ina. Ban yi rabin hanya ba tayar baya ta sace. Na zauna gindin aduwa na yi faci, na hura, na hau. Ko inuwar ban gama bari ba ta sake sacewa. Ashe ƙayar tana nan maƙale cikin taya, ni kuma na mayar da robar a kanta. Na sake yi, sai ta gaba ta bi sahu, domin inda na jingina keken ma ƙayar aduwa ce shimfiɗe a ƙasa. Facina ya ƙare. Na tura shi har rana ta take, kafin Allah ya kawo wani bawan Allah da amalanken shanu ya ɗora mu ni da keken. Da na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa. Ƙarangiya kuwa, sai da na kwana biyu ina cire ta daga wando.

Mai Faci na Zango: Yaya, abin da ya same ka shi nake gani kullum a rumfata. In taya ta sace, kada ka yi gaggawar mayar da robar ciki. Ka ɗauki tsumma ka zagaya cikin tayar a hankali, inda ya maƙale nan ƙayar take. Da tsumma fa, ba da yatsa ba. Ni a kekena na tsaga tsohuwar roba na shimfiɗa tsakanin taya da sabuwar, tun daga nan tsidau bai cika kai mata ba, sai dai doguwar ƙayar aduwa ko ta bagaruwa. Akwai kuma tayar da ba ta da robar ciki, ana zuba mata wani ruwa mai danƙo da ke toshe ƙaramin huji da kansa, amma tana da tsada, kuma zafinmu yana busar da ruwan da wuri. Sai batun kaca. Kada ka cika mata mai. Ƙura ta haɗu da mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye haƙoran giya. Ɗigo kaɗan, ka goge.

Malamin lakwal: Na yi shekara uku ina koyarwa a wani ƙauye wajen Gure, kusa da duwatsun Kutus, kuma keke ne ƙafata. Abu biyu zan faɗa. Na farko yashi. Tayar da kakan hura ta yi tauri don gudron, a jigawa sai ta nutse kamar wuƙa. Ka rage iska kaɗan, ka sa giya mai laushi, ka ja jikinka baya, kada ka daina taka feda, kada kuma ka murɗa kai da ƙarfi. In ka tsaya a tsakiyar yashi, ba ka tashi sai da turi.

Na biyu ruwa, kuma wannan har yanzu in na tuna gabana yakan faɗi. Watan Afrilu ne, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Na fita da gora ɗaya don ina ganin tafiyar gajera ce. A hawan wani tudu mai tsakuwa na ji kaina yana sarawa, bakina ya bushe, na daina gumi. Daina gumin nan ne alamar da ta fi muni, a lokacin ban sani ba. Na kwanta ƙarƙashin wani dutse mai inuwa. Wata Bafulatana da ke dawowa daga rijiya ce ta gan ni, ta ba ni ruwa a ƙwarya, ta zuba mini saura a ka, ta tsaya har na iya zama. Tun daga ranar ba na fita a bazara sai bayan sallar asuba, in dawo kafin ƙarfe 9. Kuma ka kula inda kake sa hannu a kogon dutse, mazaunin kububuwa ne da kunama.

'Yar Sabon Gari: Malam, Allah ya kiyaye gaba. Ni da keke na yi duk karatuna, yanzu ma nakan fita da yayana safiyar Asabar. Faɗuwata a gangara ta faru, kan wani falalen dutse bayan gari. Dutsen in yana tsaf taya tana kama shi sosai, amma iskar hunturu ta watsa masa yashi a sama, ban lura ba. Da na ji keken yana sulɓewa sai na damƙe birkin gaba. Na tsinci kaina a ƙasa, haɓa ta fashe, sai da aka yi ɗinki. Hular kwanon da yayana ya tilasta mini sawa ta tsage ta gefe. Ina ajiye da ita har yau. A gangara a tashi daga sirdi, a ja jiki baya, a taɓa birki biyu tare a hankali. 'Yan'uwana mata kuma a tattare bakin hijabi da zane, kaca ba ta da tausayi.

Ɗalibi a Faransa: Ina karanta ku ina kewar gida. A nan na hau cikin daji mai tuddai sau da yawa. Hanyoyin an tanade su ne musamman don keke, da alamun launi: kore mai sauƙi, shuɗi, ja, sai baƙi na gwanaye. Wahalarsu taɓo ce da saiwoyin itace masu santsi, in ka fito saman tudu kuma fili ne mai gajerun ciyayi da iska mai sanyi. Wasan ya samo asali ne a Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1970, ya shiga gasar Olimfik a 1996. Abin da na lura shi ne, a nan in ka hau, hanyar taka ce. A gida kuwa kowace turba da mai ita: ta masu zuwa rijiya ce, ko ta gona, ko burtalin shanu.

Dattijo daga hanyar Matamai: Yaron nan ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. 'Ya'yana, ni manomi ne, kekena na zuwa gona ne. Bara da damina wasu samari huɗu suka ratsa mini gona a guje, gero yana kai gwiwa. Geron bai dame ni kamar ƙananan gawo biyu da suka karya ba. Shekara uku ina sassabe ina kewaye su, ina rage musu rassa. Ku da kuke birni wataƙila ba ku san darajarsa ba: gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ƙasar gindinsa ta fi ko'ina albarka, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Itatuwan da kuke gani daga Miriya har Matamai da Magarya, mafi yawansu ba dasa su aka yi ba, manoma ne suka bar su suka tsiro suka rene su. Ba na hana kowa wucewa. Ku bi iyakar gona, ku yi sallama, in kun haɗu da garke ku sauka ku bar shi ya wuce. Ku tambaye mu hanya ma, mun san inda ƙorama ke cika ko da ba a yi ruwa a wurin ba.

Ɗan Birni: Baba, mun ji, Allah ya ba da haƙuri. Na gode muku duka. Jiya na fita bayan asuba da gora biyu, famfo, faci da tsumma. Na ratsa duwatsun na bi wata turba ta gabas. Sau ɗaya taya ta sace, na sami ƙayar da tsumman kamar yadda Mai Faci ya ce. A wata gangara na sauka na tura, domin na hango yashi a kan dutsen. Da rana ta fito ina saman wani tudu, ga Damagaram shimfiɗe a bayana, hayaƙin girkin safe yana tashi. Wani mai kiwon awaki ya nuna mini hanyar da ya ce ta fi ƙarancin yashi, ita zan gwada Asabar mai zuwa. Wanda zai zo, mu haɗu ƙofar fadar Sarki ƙarfe 6, kowa da ruwansa.