Jikina ya mutu tun da na dawo gida, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Slm 'yan uwa. Shekara shida ina acaɓa a Legas, ina kwana Agege ina aiki Ikeja, da aka hana mashin a can a 2022 na ɗan jure sannan na tattaro na dawo ƙauyenmu kusa da Gujungu. Da damina ba ni da matsala wlh, asuba ina gona, gero da riɗi, in dawo in faɗi barci. Amma tunda aka gama kaka shikenan, in na yi sallar asuba sai in koma in kwanta har hantsi, in fito gindin darbejiya ina ta TikTok har caji ya ƙare in kai wa mai sola, da daddare majalisa, shayi da hirar tsadar taki, kullum ita ce. Ina cin abinci, ba inda ke min ciwo, kawai komai ya fita raina. Akwai wata magana ta gida kuma amma a bar ta.

Baba Manomi: Yaro ba abin da ke damunka sai zaman banza. Mutanen Kura da Bunkure tunda aka gina dam ɗin Tiga ba su san wani abu wai rani ba, tumatir, alkama, shinkafa. Ga fadamar Hadejia a kusa da kai. Ka nemi ko rabin kadada ka zuba albasa, in ruwa na jiranka ƙarfe biyar ka ga ko za ka koma barci.

Mai tambaya: Baba ba ƙin aiki nake ba, injin ban-ruwa da fetur wa zai ba ni? Kuɗin riɗin ma sun shiga wani wajen.

Baba Manomi: To kiwo fa? Ran Lahadi ka shiga Gujungu ka sayi tumaki biyu ramammu, harawar wake da dusa kuna da su a gida, kafin babbar sallah sun yi ƙiba. Ku yaran yanzu kullum da uzuri.

Maman Khalifa: Ni dai ka je asibiti a auna jininka, ƙarancin jini da maleriya suna kashe jiki haka. Kuma damuwa ma ciwo ce. Wlh maigidana haka yake tun da ya dawo ci-rani, waya a hannu har yara su yi ta magana bai ji ba, ni ce ɗiban ruwa ni ce suyar awara, in ka yi magana a ce ba ka da haƙuri.

Ɗan Ringim: Malam koma birni kawai, wanda ya saba da hayaniya ƙauye ba ya riƙe shi. Abuja ko Fatakwal.

Abu Sumayya: A'a kar ya koma. Ni makarantar dare ce ta tashe ni, da ƙwallon yamma da yara a filin firamare. Ka rage wayar nan.

Mai tambaya: Waya ba ita ce matsalar ba, ita ce ma ke ɗebe min kewa. Birni kuma ba zan iya barin Inna ita kaɗai ba.

Maman Khalifa: Wace magana ce ta gidan da ka ce a bari? Ƙila nan gizo ke saƙar.

Baba Manomi: Ba wata magana, tumaki dai. In Gujungu ta yi tsada ga Maigatari ran Alhamis.