Neman shawara: malami ya ce "traditional" ta yi yawa a rubutuna

Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba mu aikin makaranta da Turanci, ni na zaɓi hawan sallah na Kano, musamman hawan Daushe da na Nasarawa. Malaminmu ya dawo min da takardar duk jan biro, wai na cika maimaita "traditional". A ƙamus na ga "conventional" da "customary" da "time-honoured". Zan iya sa su a madadinta? Masana a taimaka wa ƙanwarku.

Wani malamin Turanci:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki zuba su haka kawai. "Conventional" abin da jama'a suka saba yi ne a yanzu, ba lallai ya tsufa ba. Shi ya sa ake kiran bankunan da ke mu'amala da kuɗin ruwa da ita, don a bambanta su da irin bankin Jaiz. In kika liƙa wa hawan Daushe ita, mai karatu zai ɗauka kina nufin abu ne gama-gari marar armashi. Wadda ta dace da ke "time-honoured", wato abin da ya daɗe kuma daɗewar ta ƙara masa daraja. Amma yabo ce, sau ɗaya ya isa. Ki rubuta ta da harafin u, rubutun Ingila muke bi a makarantunmu.

Wata lauya:
Ki yi hattara da "customary", a Najeriya ƙamshin kotu take yi. A dokar mallakar ƙasa ta 1978, takardar fili da ƙaramar hukuma ke bayarwa a karkara da ita ake kiranta. Ki bar mana kayanmu.

Wani ɗan jarida:
Ni a ganina ba canjin kalma malaminki yake nema ba. Mai karatu ya riga ya san al'ada ce. Ki gaya masa abin da ido ke gani: 'yan lifidi, 'yan bindiga, dogarai, jahin da hakimai ke kai wa Sarki a Ƙofar Kudu. Ki ambaci cewa hukumar UNESCO ta sa hawan a jerin al'adun duniya a 2024. A wurin sarakuna kuwa ki bar "traditional rulers" yadda take, haka jaridu ke rubutawa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya ƙara basira. To "age-old" fa, malam?

Malamin Turanci:
Tana yi, sai dai ana yawan jin ta da matsala ko tsohuwar gaba. Kada ki kai ta fada.