Ƙanwata na son haihuwa a gida: me za mu nema wurin ungozoma?

Mai tambaya, Jega:
Assalamu alaikum. Ƙanwata na da cikin wata 8, haihuwa ta uku, awo lafiya lau. Ta dage a gida za ta haihu saboda tana gudun tsawa da tsiraici a asibiti. Wace irin ungozoma za mu kira, me za mu tanada?

Ungozoma, Birnin Kebbi:
Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ku nemo wadda ta yi karatun aikin, ku zauna da ita tun yanzu. Mai mutunta mace tana neman izini kafin ta sa hannu, kuma duba ƙasa sau ɗaya cikin awa 4 ya isa. Tana rufe ta da zane, ta fitar da 'yan kallo, ta bar mata mutum ɗaya da ta zaɓa. Ba duka, ba gori. In durƙuso take so, a bar ta ta durƙusa, ta sha ruwa, ta zaga ɗaki. Kada a danna ciki, kada a yi allurar ƙara naƙuda a gida, tana iya fasa mahaifa.

Malamar jinya, Argungu:
Ku tanadi safar hannu, sabulu, leda mai tsabta, sabuwar reza, abin ɗaure cibiya da man chlorhexidine, maganin shafa wa cibiya. A jira minti 1 zuwa 3 kafin a yanke cibiya. A goge jariri, a ɗora shi a ƙirjin uwa, ya kama nono cikin awa ɗaya, dakashin nan kada a zubar. Wanka sai bayan awa 24. Maganin misoprostol ƙwaya 3 na tare zubar jini bayan haihuwa, amma sai jariri ya fito, an tabbatar babu ɗa na biyu a ciki, uwar za ta sha.

Ungozoma, Yauri:
Yaya, ku shirya mota da kuɗin mai da mai ba da jini, maigida kuma ya ba da izinin tafiya tun yau, don jiran izini cikin dare ya ci mata da yawa. Naƙuda ta wuce awa 12, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga, ko mabiyiya ta kai rabin awa ba ta faɗo ba, sai asibiti, kada a ja cibiya. Doguwar naƙuda ce ke kawo yoyon fitsari. In an taɓa yi mata tiyata, ko tana da hawan jini, ko ɗan ya kwanta a gicciye, ungozoma ta gari za ta faɗa mata cikin taushin murya cewa wannan haihuwar ta asibiti ce.