Wai me za mu kira ping da Hausa?

Salam 'yan uwa masu harkar Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan da ba ta fi tafin hannu ba, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Yaranmu da ke koyon gyara a Computer Village nan Ikeja da ka ce su yi ping sai su zaci hira kake nufi, don tun zamanin BlackBerry haka kalmar ta zauna a bakin mutanen Legas. Alhali idan Pi ta ƙi hawa intanet ping ne abin da ake fara yi.

Aikinsa dai ka aika ɗan saƙo ga wata na'ura ka jira ta amsa. Ka fara da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a shago, yawanci lambarta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, in ba ta amsa ba to matsalar tana nan cikin shago, ko waya ta saki, ko fasuwod ba daidai ba, ko ba a saita ƙasa a raspi-config (manhajar saitin Pi) ba Wi-Fi ɗin na kulle, ko kuma kana neman haɗa Pi 3 Model B ko Zero W da Wi-Fi mai 5GHz bayan mai 2.4GHz kawai suke gani, wannan na ƙarshen ya wahalar da mutane ba kaɗan ba wallahi. Cajar ma a duba, Pi 4 na son 5V 3A, ba kowace cajar waya ke ɗaukarta ba. In rauta ta amsa sai ka gwada 8.8.8.8, lambar wata na'urar Google a intanet, in shi ma ya amsa amma google.com ya yi shiru to matsalar DNS ce, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lamba.

Wani malami daga Agege ya kawo amsa-kuwwa. Allah gafarta malam ma'anar ta yi, don Mike Muuss da ya rubuta manhajar a 1983 daga ƙarar sonar, na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta saurari dawowarsa, ya ɗauko sunan, sai dai ba ta umartuwa, ya za ka ce wa yaro ya yi wa rauta amsa-kuwwa? Wani ɗan'uwa a Idi-Araba ya ce sallama, ta yi min daɗi a kunne sosai amma ni dai ban so a riƙa cewa na yi wa inji sallama bai amsa ba, kalmar tana da nauyinta a wajenmu.

Ni ƙwanƙwasa na zaɓa. Ku ji yadda take tafiya: oga na ƙwanƙwasa rauta ta amsa, na ƙwanƙwasa Google shiru. Ko wanda ya fara zuwa shago yau zai gane ina matsalar take.

In ba mai ja mun tsaya a kanta. Saura packet loss, wato ka ƙwanƙwasa sau 10 a amsa maka 7, ni zubewar saƙo ce ta zo min, ku kawo naku.