Neman kalma kafin Juma'a: me za mu kira "triple-double" da Hausa?

Mai Shirin Wasanni:
Assalamu alaikum jama'a. Ranar Juma'a da ƙarfe biyar na yamma ina da shiri a rediyo, an ba ni minti goma sha biyu in yi bitar kakar Nikola Jokic ta 2024 zuwa 2025, ɗan Sabiyan nan da ke buga wa Denver ƙwallon kwando a gasar NBA. Alƙaluman suna hannuna: maki 29.6, ribawun 12.7, asis 10.2 a kowane wasa, cikin wasanni 70. Sunan abin ne ya tsaya mini a maƙogwaro. Idan ɗan wasa ya kai goma ko fiye a fanni uku cikin wasa ɗaya, Turawa na cewa triple-double. Shi kuwa kaka guda cur aka raba, matsakaicinsa ya fito haka. Kafin shi mutum biyu kaɗai suka taɓa yi, Oscar Robertson a kakar 1961 zuwa 1962, sai Russell Westbrook. Ba na so in zuba wa mai shayi a Kwangila Turanci ya kashe rediyonsa. Ribawun da asis ɗin ma ban gamsu da su ba. Alhamis da azahar zan miƙa rubutun. Ku taimaka.

Koci Samaru:
Wa alaikumus salam. Asis ba ta da wuya, 'yan ƙwallon ƙafa sun share mana hanya: ya bayar an ci. Ka ce ya bayar an ci sau goma. Ribawun kuma ni cafe nake cewa. Ƙwallo ta bugi zobe ko allo ta dawo, wanda ya riga kowa ya cafe ta, nasa ne. In a ƙarƙashin kwandonku ne, cafen gida. In a na abokan hamayya ne, cafen waje.

Malama Kongo:
Koci, cafe ta yi faɗi. Wanda aka jefa wa ƙwallo ya kama, ai shi ma cafewa ya yi. Me zai hana kala? An yi girbi bai cika ba, wani ya bi baya ya tsince abin da ya zube.

Koci Samaru:
Malama, zo fili da yamma ki gani. Mutum biyar shida ne a cunkushe, gwiwar hannu a haƙarƙari, kowa ya ba wani baya yana turawa, ƙura na tashi daga siminti. Mai kala a natse yake tafiya da ƙwaryarsa. Kuma in ya ce kala goma sha biyu, rabin masu sauraro launi za su ji.

Ɗan Gyallesu:
Wawaso.

Malama Kongo:
Wawaso na da warin ganima. A dai ƙara wa ta Koci wutsiya, cafen dawowa, sai ta rabu da sauran kamu.

Baba Tudun Wada:
Ku bar ƙananan nan, ku zo ga babbar. Tun da na karanta tambayar yaron nan nake juya ta, kuma na samo. Murhu. Ku shiga madafin kowace tsohuwa a cikin birni ku duba: duwatsu uku ne, baƙi ƙirin da hayaƙi, tukunya zaune a kai daram. Ɗauke ɗaya, tuwo ya kife. Maki dutse ne, cafe dutse ne, bayarwa dutse ne. Wanda ya haɗa ukun ya kafa murhu, ƙungiya ta ɗora tukunyarta a kansa. "Jokic ya kafa murhu jiya da daddare." Ku faɗa da bakinku ku ji yadda take zama. Gaɓa biyu ce, ba ta da nauyi a harshe, kuma babu Bahaushen da za a tsaya yi wa bayanin murhu. Haka magabata suka yi mana satar gida, ba su fassara kalmar Bature harafi da harafi ba, sun dubi abin da ɗan wasan ya yi suka raɗa masa suna. Ɗana, ɗauki wannan ka tafi da ita.

Ɗan Sabon Gari:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a fili babu yaron da zai ce murhu. Tiriful-dabul muke cewa. Muna cewa fenareti, muna cewa gola, muna cewa kwana, sama ba ta faɗo ba.

Baba Tudun Wada:
Ga irinta nan. Kowace kalma ta zo ku buɗe mata ƙofa ku shimfiɗa mata tabarma, nan da shekara ashirin sai a nemi Hausar a rasa. Tiriful-dabul! Harshe ma sai ya yi tuntuɓe sau biyu kafin ya fita. Fenaretin da kake taƙama da ita, ai muna da bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Ɗan Sabon Gari:
Kafin mai sharhi ya gama faɗin wannan an ci an dawo tsakiya, Baba.

Bakano a Zazzau:
Ni dai a ganina irin wannan aiki a bar wa masana a Kano su zauna su yanke, tunda Kananci aka ɗauka ya zama daidaitacciyar Hausa. Ku Zazzagawa ku fara gyara "mota na" da "riga na" tukuna.

Baba Tudun Wada:
Yaro, a garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Kalmomin da kake karantawa a jarida kana jin kamar da su aka haife ka, da yawansu a Tudun Wada aka zauna aka tace su kafin a haifi mahaifinka. Kamfanin Gaskiya yana nan, zo in kai ka ka ga ginin.

Malama Kongo:
Kuma "mota na" ba kuskure ba ne, kari ne. Zazzaganci bai cika rarrabe jinsi a nan ba, shi ke nan. A rubutu kowa na bin ƙa'ida. Ina koyar da wannan kowace shekara, kuma yana ci mini rai in ga mai jin Hausa yana kiran karin ɗan uwansa gurɓatacce.

Ɗan Gyallesu:
In ma ƙwallon kwandon ne, Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a filayen nan ya koyi wasa, shi ya shugabanci Toronto ta ci kofin NBA a 2019. Shi ne ma ya ɗauko Jokic ɗin a Denver.

Koci Samaru:
A'a, gyara. Masai ya riƙe Denver daga 2010 zuwa 2013, sannan ya koma Toronto. Jokic a 2014 Denver ta ɗauke shi, shi ne na 41 a zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA. Sauran maganarka daidai ne. Kano Pillars kuma ba wanda zai raina su a kwando, Bakano, ba sai mun yi faɗa ba.

Bakano a Zazzau:
Ban raina kowa ba. Cewa na yi kalma ba ta zama kalma don dattijo ɗaya ya so ta.

Mai Shirin Wasanni:
Don Allah jama'a, yau Laraba. Saura mini kwana ɗaya.

Ɗalibin Lissafi:
Baba, Allah ya ja kwana, murhu ta yi mini daɗi a kunne, amma bari in gwada ta da alƙaluma, don a nan za ta yi aiki. Fannonin da ake ƙirgawa biyar ne, ba uku ba: maki, cafe, bayarwa, ƙwace, da tare ƙwallo a sama. Kowane uku aka kai goma a cikinsu, an yi abin. Sannan yana da ƙane da wa. Wanda ya kai goma a fanni biyu yana da sunansa, kuma wannan kusan kullum ake yi, mai sharhi zai buƙace shi fiye da na ukun. Murhu mai dutse biyu me za a kira shi? Akwai kuma na huɗu. Hakeem Olajuwon, namu na Legas, ya yi shi a Maris 1990 da rigar Houston: maki 18, cafe 16, bayarwa 10, tarewa 11. Mutum huɗu kacal aka rubuta wa haka a tarihin gasar. Ranar da Yaya zai ba da labarin Hakeem, murhu ba ta da wurin dutse na huɗu.

Abu na biyu ya fi damuna. Murhu na nuna abu ya kammala, tukunya ta zauna. Alƙaluman ba su ce haka ba. Westbrook ya yi wannan matsakaici sau huɗu. A kakar 2016 zuwa 2017 yana da maki 31.6, amma cikin kowane jifa ɗari, 42 da rabi ne ke shiga. Jokic a tasa kakar 57.6 ke shiga cikin ɗari, a jifan maki uku kuma 41.7, ga shi ɗan tsakiya, irin waɗanda a da aikinsu tsayawa ƙarƙashin kwando. Suna ɗaya za a kira kakar mutum biyun nan, alhali ɗaya ya ɓarar da jifa da yawa kafin ya tara makinsa. Kuma duk da haka ba Jokic aka ba gwarzon kaka ba. Shai Gilgeous-Alexander aka ba, mai maki 32.7, wanda ƙungiyarsa Oklahoma ta ci wasa 68 cikin 82, Denver kuwa 50. Goma iyaka ce kawai da aka shata saboda daga nan lamba ke zama mai alƙalami biyu. Mai cafe tara da maki arba'in bai shiga ba, mai goma-goma-goma ya shiga. Don haka ni na fi son suna mai ƙirga kawai, wanda ba ya yabo: goma-goma a uku. Na biyu, goma-goma a biyu. Na Hakeem, goma-goma a huɗu.

Malama Kongo:
Wannan ta bi ƙa'ida. Ninki a lamba rabo yake nunawa, kamar a ce an ba su biyar-biyar. Amma a kula da "a" ɗin nan. In ta faɗi aka ce goma uku, wani zai ji talatin, wani zai ji sha uku.

Baba Tudun Wada:
Wannan ai lissafi ne, ba suna ba. Wa zai yi ihu a gidan kallo ya ce goma-goma a uku? Na biyun ku kira shi duk abin da kuka ga dama, na huɗun kuma da bakinka ka ce sau huɗu aka taɓa yi. Saboda baƙon da ke zuwa sau ɗaya a shekara ashirin ba a rushe ɗaki.

Ɗalibin Lissafi:
Na biyun fa, Baba? Shi kullum yana gida.

Baba Tudun Wada:
Zan yi tunani a kansa.

Koci Samaru:
Wani abu kafin ka shiga situdiyo. Kada ka ce maki ashirin da tara da ɗigo shida ka wuce, wani zai tambaya yaya ake cin ɗigo shida. Ka ce in an tara an raba da yawan wasanni, kusan talatin yake ci. Ka kuma bayyana ba kowane dare yake haɗa ukun ba, sau 34 ya yi cikin 70. Sunan kuma Yokic ake furtawa, da ya, ƙarshensa kamar farkon "ciki".

Mai Shirin Wasanni:
Na gode ƙwarai. Ga yadda na rubuta, ku duba:

"A kakar 2024 zuwa 2025, in an tara wasanninsa 70 an raba, Jokic na cin kusan maki talatin, yana cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando kusan sau goma sha uku, yana bayarwa a ci sau goma. Wato goma-goma a uku, kaka guda. Wani dattijo a Tudun Wada ya ce a kira wannan kafa murhu, dutse uku tukunya ɗaya. A watan Maris, a wasansu da Phoenix, ya ci maki 31, ya cafe 21, ya bayar an ci 22, abin da ba a taɓa gani ba a gasar."

Daga nan zan shiga maganar yawan jifan da ke shiga da dalilin da ya sa Shai ya karɓi kyautar. Baba, na sa murhu sau ɗaya, in masu kiran waya suka ɗauke ta zan ci gaba da ita.

Baba Tudun Wada:
Ka mayar da ita 'yar rakiya. To, Allah ya sa albarka. Amma cire "wani dattijo ya ce", ka faɗe ta kai tsaye kamar kalmar da ta daɗe, in ba haka ba ba za ta kama ba.

Ɗan Sabon Gari:
Ka faɗi tiriful-dabul ko sau ɗaya ne, Yaya, don yaran da ke bin wasan a waya su san abin da kake nufi.

Mai Shirin Wasanni:
Zan faɗa sau ɗaya a farko. Baba, dattijon zan bar shi, haƙƙinka ne.

Malama Kongo:
Cafen dawowa fa? Na ga ka zagaye ta da jimla.

Mai Shirin Wasanni:
Na gwada ta da baki, Malama, "cafen dawowa goma sha uku" ta yi mini nauyi. Wannan makon jimlar zan bi.

Koci Samaru:
Ni dai gobe a fili cafe zan ce. Ƙwace da tarewa ba mu taɓa su ba, kuma in za ka yi shirin Hakeem sai ka dawo.